Injin da Ya Farka da Hankalin Wani

Wari ne ya fara kai labari, tun kafin kowa ya buɗe baki. Da la'asar sakaliya ya cika layinmu, warin dafaffen ƙwai haɗe da ƙaurin roba, har na ajiye ɗinkin da ke hannuna na leƙa waje. Mata na gani suna gudu zuwa ɗakin ƙyanƙyasa, wasu ko takalmi babu.

Ɗakin na Shugaba ne, mutumin da ya sayi injin ƙyanƙyasa sannan ya naɗa kansa shugaban masu kiwon kaji na unguwa. Kowace mace takan kai ƙwanta da alamarta ta fensir a jiki, in lokaci ya yi ta je ta kwaso 'yan tsakinta. Mai kula da injin kuwa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta daɗe a aikin har sunanta ya ɓace, kowa Uwar Tsaki yake ce mata. Da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta, da mijinta da ciwon ƙoda ya kwantar.

Na kutsa cikin taron na same ta tsaye a gaban inji, ƙofarsa a buɗe, hucin zafi yana bugun fuska. Ƙwan unguwa kakaf ya dahu a kan farantansa, alhali kwanaki kaɗan suka rage ya fashe. Wata tsohuwa da muke kira Inna Mai Agwagi ta fasa ɗaya a tafin hannunta. Ga ɗan tsako nan da baki da ƙafafu, a dafe. Ta kai shi daidai fuskar Yaya.

"Dube shi da kyau," in ji ta, "ke da aka ce uwarsu ce."

Yaya ta zuba wa ɗan tsakon ido.

Shugaba ya iso yana haki, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Ya leƙa cikin inji, ya juyo ga jama'a.

"Wannan da gangan aka yi," in ji shi. "Injin nan in zafi ya wuce ƙa'ida, ihu yake har a ji shi a bakin titi. Wa ya ji ihu yau?"

Babu wanda ya ji.

"To an ƙara masa wuta, an toshe masa baki. Wa ke da makulli bayan ni?"

Ido ya koma kan Yaya gaba ɗaya.

*

Kashegari ko gaisuwarta ba a amsawa. Wasu suka ce mai kiwon kajin ƙetaren titi ne ya saye ta. Wasu suka ce hassada ce, tunda ita ba ta da ko kaza ɗaya. Shugaba ya karɓe makullinta, ya ce in ƙarshen mako ya zo ba ta faɗi gaskiya ba, zai miƙa ta ga 'yan sanda.

Ni kowa ya san bakina ba ya da linzami. Na zagi wanda na zaga, na tare wanda na tare, amma zagi bai wanke mata suna ba. Da na ga haka sai na ɗauki mayafina na nufi kasuwar 'yan gyara wurin Bi-Sawu.

Tsoho ne siriri mai ɗingishi, kullum da kanumfari a bakinsa da gilashin ƙara girma rataye a wuyansa. Da rediyo ya fara, ya koma waya, yanzu duk abin da ke da allon lantarki a cikinsa yana buɗe shi. In ƙara ta haɗa da inji, 'yan sanda ma shi suke nema. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Ba na yi miki alkawarin wanke ta," in ji shi. "Sawu nake bi. In ya kai ni ƙofar yayarki, nan zan tsaya."

"Na yarda, Baba."

"Kin yi saurin yarda. Ɗauko mini sandata."

*

Da Yaya ya fara. Muka same ta a tsakar gida tana wanke kwanukan asibiti.

"'Yata, gaya mini ranar tun daga safe."

"Lafiya lau komai yake, Baba. Da hantsi Mai Batir ya zo canza baturan da ke riƙe mana wuta in an ɗauke. Ya ce sai an kashe komai na ɗan lokaci. Aka kashe, ya gama, aka kunna."

"Da aka kunna me kika gani?"

"Koriyar fitila ta yi ƙifta-ƙifta, ta tsaya. Lambar zafi ta fara hawa yadda ta saba. Sai na kulle na tafi asibiti, ranar wankin ƙodar babansu ce." Ta sunkuyar da kai. "Da na zauna, da na gani."

"Kin saba barin sa?"

"Kullum ranar asibiti. Shugaba ya sani. In wani abu ya taso, injin zai yi ihu, mai shayin bakin ƙofa ya kira ni."

"Kafin ranar, yaushe rabon da a kashe shi?"

"Wallahi na manta. Tun da aka sa batura bai taɓa mutuwa ba."

Bi-Sawu ya juya kanumfarinsa daga wannan kunci zuwa wancan, ya miƙe.

*

Mai Batir ya rantse har ya gaji. Ya ce shi da baturansa kawai ya yi hulɗa, ko hannun ƙofar injin bai taɓa ba. Bi-Sawu ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada ƙarfin wutar, ya ce aikin mutumin tsaf yake. Na ji haushi, don na riga na ɗora masa laifin a raina.

Sai zuciyata ta koma kan Dogo, makanikin da ya kafa injinan, wanda Shugaba ya kora a makon da ya gabata bayan sun yi cacar baki. Shi ya san cikin injin, shi ke da ciwon rai. Muka same shi a rumfar wani abokinsa yana kwance janareta.

"Ni?" in ji shi. "Ranar ina garin surukaina wurin jana'iza, motar haya cike da shaidu. Kuma ko zan cuci Shugaba, ba da ƙwan matan unguwa ba. Har na innata a ciki."

"Ana iya ƙara zafin daga waje?" in ji Bi-Sawu.

"Ɗan kaɗan. Akwai iyakar da ba ya wucewa, a cikin manhajarsa aka ɗaure ta. Ihun ma ba shi da wurin kashewa. Ni na ɗora manhajar da hannuna, ta injin ƙwai da ta injin busarwa da ke ɗaki na gaba. Allonsu iri ɗaya ne, katin ciki ne kawai ya bambanta."

"Ka sa wa katunan alama?"

Dogo ya yi tsaki. "Na ce a ba ni fenti, aka ce ina son ɓarna."

Muka fito ban samu wanda zan ɗora wa laifi ba. Na ce, "Baba, duk wanda muka je wurinsa sai ya fita fes, sai Yaya kaɗai ta rage a ciki."

"Haka sawu yake tafiya wani lokaci," in ji shi. Da na san amsar da zai ba ni ke nan da ban yi magana ba.

*

Shugaba ya karɓe mu a ɗakin ƙyanƙyasa da fara'a, har da sa a kawo wa Bi-Sawu kujera. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

"Malam, ka bincika da kyau. Ni mutum ne mai sa ido. Tambayi kowa a teburin mai shayi. Ranar da na kori Dogo, na san zai iya dawowa ya sace sirrin injinana. Sai na zo da kaina na zare katunan nan biyu, na kwana da su a aljihuna. Da safe da aka canza kwaɗon ƙofa na mayar. Injinan ko tari ba su yi ba!"

"Ko tari," in ji Bi-Sawu.

"Ko tari. Suka ci gaba da aiki lafiya har ranar da matar nan ta yi abin da ta yi."

Bi-Sawu ya kwance murfin bayan injin, wanda ke kashe tun ranar da abin ya faru. Ya ɗora gilashinsa a ido ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito ni. Allon kore ne, ƙura ta kwanta a kansa lif. Wuri ɗaya kawai aka share ta, a bakin wata 'yar kafa inda wani baƙin kati da bai fi farce ba yake zaune.

"Yatsa ya bi ta nan," in ji shi a hankali. "Amma dubi, sabuwar ƙura ta fara rufe wurin. Wannan sawun ya girmi ranar da ƙwai ya dahu."

Ban gane inda ya dosa ba. Ni dai na san gobe ne ƙarshen mako.

Muna fitowa wani mutum ya tare mu a soro yana ƙorafi. Mai Tumatir ne, wanda ke hayar injin busarwa a ɗaki na gaba.

"Kowa ƙwai, ƙwai! Ni wa zai ji nawa? Tumatir ɗina ya kwana ya wuni a inji, ya ƙi bushewa, har ya fara funfuna. Injin ɗumi kawai yake yi kamar jikin mai zazzaɓi."

Na ce, "Malam, ba mu hanya. Ana maganar mutuncin mutum kana maganar miya."

Bi-Sawu ya ɗaga mini hannu. "Tun yaushe?"

"Tun ranar ƙwan nan. Kuma ya koyi wani sabon iskanci, lokaci-lokaci sai ya yi ƙas, kamar ana karya tsinke."

Muka shiga. Bi-Sawu ya jawo buhu ya zauna, ya jingina kunnensa da jikin injin. Muka yi ta jira har ƙafata ta yi sanyi. Can sai muka ji shi, ƙas.

Tsohon ya lumshe ido. "Juya ƙwai yake yi."

"Wane ƙwai, Baba? Tumatir ne a ciki."

"Shi bai sani ba."

*

A hanyar komawa ya yi mini bayani, yana tafe yana dogara sanda.

"Akwai wani ɗan baƙin abu a tsakiyar allon, shi ne kan injin. Duk sanda wuta ta yanke, komai ya sani sai ya goge. In wuta ta dawo, ba ya tuna ko shi wane ne. Abu ɗaya tak aka dasa masa tun daga masana'anta: je ka wurin kati, kwashe abin da ke ciki, zuba a ƙwaƙwalwarka ta aiki, duba ko ya cika, sannan ka bi abin da ya ce. Ƙiftawar koriyar fitilar nan, kwasar yake yi. In ta tsaya, ya gama."

"To?"

"Yana duba ko abin ya cika. Ba ya tambayar ko nasa ne. Kuma da ya kwashe, ba ya sake waiwayar katin sai an kashe shi an kunna. Ki zare katin, ki kai shi kasuwa, ki sa wani a madadinsa, inji zai ci gaba da abin da ke kansa, ko wata nawa ne."

Na tsaya cak a tsakiyar titi.

"Ranar da Mai Batir ya kashe wuta," in ji shi, "injin ƙwai ya farka ya karanta katin busarwa. Ya hura zafin da ake busar da tumatir. Bai yi ihu ba, don a ganinsa daidai yake yi. Kowa yana tambayar wa ke ɗakin a ranar. Ba ranar aka yi ɓarnar ba."

Daɗi ya kama ni har na kusa rungume shi a bainar jama'a. Shi kuwa fuskarsa ba ta sake ba.

"Kada ki yi guɗa tukuna," in ji shi. "Injin ƙyanƙyasa nawa ne a garin nan?"

"Ɗaya."

Ya ci gaba da tafiya yana dogara sandarsa.

*

Da hantsin ranar ƙarshe aka taru a harabar ɗakin. Matan unguwa sun cika wurin. Ga Mai Batir, ga Dogo a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ga Mai Tumatir, ga Shugaba a kan kujera. Yaya tana tsaye a jikin bango kamar wadda aka kawo a yi wa hukunci.

Bi-Sawu bai yi dogon jawabi ba. Ya sa aka buɗe ƙofofin ɗakunan biyu. Injin busarwa yana cikin aiki tsohon ya miƙa yatsu ya zare katinsa, ya ɗaga sama kowa ya gani. Injin ya ci gaba da gurnaninsa. Ya zaro na injin ƙwai, ya musanya su, ya kashe wuta ya kunna. Fitilu biyu suka yi ƙifta-ƙifta suka tsaya. Ba a jima ba injin busarwa ya fara huci na gaske, har Mai Tumatir ya yi kabbara. Injin ƙwai kuma ya yi ƙas, farantansa suka karkata a hankali, yadda kowace mace a wurin ta san suna yi.

Ya maimaita musu bayanin da ya yi mini, dalla-dalla, har Inna Mai Agwagi ta gyaɗa kai.

"Matar nan ba ta ƙara wuta ba," in ji shi. "Ba ta toshe bakin inji ba. An musanya katunan tun kafin ranar. Tambayata ɗaya ce. Wa ya taɓa zare su duka biyu a lokaci guda?"

Babu wanda bai ji labarin aljihun nan ba, don Shugaba ya ba da shi a teburin mai shayi har mutane sun haddace. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina jiran wanda zai fara magana. Mai shayi ya shiga goge kofi. Mai Batir ya kama kallon rufin kwano.

"Ranka ya daɗe," in ji Bi-Sawu, "kai ka gaya mini da bakinka jiya."

Shugaba ya gyara zaman hularsa. Ko gezau bai yi ba.

"Na zare, na kuma mayar da kowanne inda na ciro shi. Akwai sunana a jikin katin? Akwai wanda ya ga na musanya?"

"Babu."

"To ka gani." Ya juya ga matan, muryarsa ta yi laushi. "Malam ya yi ƙoƙari. Ya nuna mana cewa sharrin inji ne da sakacin makanikin da bai sa alama ba. Amma ku gaya mini, da mai kula da inji tana bakin aikinta ranar, da ƙwanku ya dahu?"

Dogo ya yi tsaki mai ƙarfi ya juya ya tafi abinsa.

"Duk da haka," in ji Shugaba, "ni ba mai riƙo ba ne. Mijinta yana kwance. Ba zan kai ta ko'ina ba. Na yafe mata, ta dawo bakin aikinta."

Na dubi Inna Mai Agwagi, don ita ce bakinta ya fi na kowa kaifi. Sai a lokacin na lura da ƙullin zane a cinyarta. Sabon ƙwai ne ta zo da shi, ta riga ta sa masa alamar fensir. Ta dubi ƙullin, ta dubi injin, ba ta dubi Yaya ba.

"To tunda Shugaba ya yafe," in ji ta, "mu ma mun yafe."

Sauran suka amsa, mun yafe, mun yafe, kowace tana sauri ta rigayi 'yar'uwarta.

Na yunƙura na buɗe baki, maganar tana kan harshena, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Yaya ce. Ta nutsa farcenta a fatata har na ji zafi. Sannan ta sake ni, ta tako gaban kujerar, ta durƙusa har ƙasa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Ya miƙo mata makullin, ta karɓa da hannu biyu. A rayuwata ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba.

*

Na raka Bi-Sawu har bakin titi. Na so in yi masa faɗa, na rasa a kan me.

"Baba, shi ke nan?"

"Na kai ki inda sawun ya tsaya," in ji shi. "Abin da ya wuce nan ba aikina ba ne, kuma ban iya shi ba." Ya tofar da kanumfarinsa ya tari mota.

Da na koma an watse. Yaya ce kaɗai a ɗakin, tana kankare ragowar ƙwan da ya manne a farantai. A kan tebur an riga an jera sababbin ƙulle-ƙulle.

"Auta," in ji ta ba tare da ta juyo ba, "kina da jan farce a shago?"

Na je na ɗauko. Ta kashe injinan, ta zaro katin busarwa ta ɗiga masa ja a baya, ta hura shi har ya bushe, ta mayar. Ta kunna, ta tsaya ta zuba wa koriyar fitilar ido. Ta ƙi motsawa har sai da ta ji ƙas, farantan suka karkata.

"Yaya, kin san fa ba ke ba ce."

"Na sani."

"Kowa a wurin nan ya sani!"

"Sun sani." Ta kwance ƙullin Inna Mai Agwagi, ta fara jera ƙwan ɗaya bayan ɗaya, tsininsu yana kallon ƙasa. "Jibi ranar wankin ƙodar babansu ce, Auta. Miƙo mini wancan farantin."

Na miƙa mata.